Kilinik ɗin ƙwaƙwalwar yara da nake kai ɗiyata a Katsina: likitar ta yi, tsarin wurin ne da saura

Salamu alaikum iyaye 'yan uwana. Mata da yawa nata tambayata ina nake kai ɗiyata tunda aka ga ta samu sauƙi, to gara in rubuta sau guda kowa ya karanta. Hukuncina tun farko shine, in dan likitar ce ko nawa aka ce zan biya in dai ina da shi, amma tsarin wurin, wato kati da layi da gwaji da magani, gaskiya akwai gyara sosai kuma zan faɗe shi yadda na gani. Ban sa sunan asibitin ba ban sa na likitar ba, kar ace talla nake ko ina ɓata ma wani sana'a. Asibitin kuɗi ne dai nan cikin garin Katsina, likitar kuma ba kullum take zama ba, daga Kano take tahowa wasu ranakun Asabar.

Lalurar ɗiyata ba irin wadda muka saba ji bace. Bata faɗuwa, ba kumfa, ba jijjiga. Tana cikin magana sai kiga ta tsaya cak ido a kafe, wani sa'in fatar idon na ɗan rawa ko bakin na motsi, ko kin kira sunanta bata ji, daƙiƙa goma ko ma bata kai ba sai ta ci gaba daga inda ta tsaya, bata ma san anyi ba, kuma a wuni abin ba adadi. Shekararta bakwai sannan. A Islamiyya akace taurin kai ne, ta sha bulala kan hadda baiwar Allah, a boko akace bata maida hankali. Surukata tace iska ce, akai rubutu akai hayaƙi akai ruƙiyya. Sai wani mai kyamis a unguwarmu yace ma Abbanta ai farfaɗiya ce, ya bashi kabamazafin, wai shi ake ba kowa. Tunda ta fara shan shi abin ya ƙaru, ɗaukewar ta ninka, ga barci ga jiri. Wata nas da muke zumunci da ita ce tace mani ki daina yawo, akwai likitar ƙwaƙwalwar yara da ke zuwa wuri kaza.

Zan fara da layi dan shine zai fara tarbarki. Ana cewa azo ƙarfe takwas amma in kikazo takwas kin makara, mun iske mutane tun bayan asuba, daga Daura, Dutsin-ma, Malumfashi, Funtuwa, Jibiya, har wata mata daga Maraɗi da ɗanta a goye wanda wuyanshi bai tsaya ba. Lamba ake badawa a 'yar takarda, kuma ba wanda zai ce maki mutum nawa likita zata gani ranar, sai dai ki zauna kina ƙirga kawuna. Bencinan basu isa ba, rumfar kwano ce, in lokacin zafin Afirilu ne kun san yadda Katsina take. Abinda yafi damuna shine waɗannan fa yara ne masu lalurar ƙwaƙwalwa, wani baya iya zama wuri guda, wani rashin barci da yunwa da wahala ke tada mashi ciwon, a gabana wani yaro ya faɗi cikin layin. Ya kamata ace an raba lokaci, wasu safe wasu bayan azahar, wannan ko sisi baya ci. Masu kati kuma fayil ɗinmu ya taɓa ɓata aka buɗe mamu sabo, Allah yasa ina da hoton takardun a wayata.

Amma da kika shiga ofishin sai ki manta da rabin wahalar. Yarinyar ta fara gaidawa kafin ni, tace 'yammata ya sunanki, aji nawa kike, wacece ƙawarki a aji. Sannan ta juyo tace Maman yarinya bani labari tun daga cikinta. Wallahi tun daga cikin ta fara, naƙuda ta daɗe ko bata daɗe ba, tayi kuka da aka haife ta, tayi shawara tana jaririya, yaushe ta zauna yaushe ta tafi yaushe tai magana, ta taɓa sanƙarau ko maleriyar da ta sumar da ita, ta taɓa faɗowa ta bugu a kai, akwai mai irin wannan a danginku ko dangin Abbanta, ku 'yan uwa ne da shi. Bata katse ni ba ko sau guda, kuma rubutu take da hannunta tana kallona. Na nuna mata bidiyon da na ɗauka a waya, ta kalla ta maimaita, tace wannan bidiyon yafi mata amfani kan duk wani bayani, dan likita da wuya ciwon ya tashi a gabanshi.

Sai tace bari mu gwada wani abu. Ta yago takarda ta riƙe gaban bakin yarinyar tace hura, ki ta hurawa da ƙarfi kar ki tsaya, ina ƙirga maki. Ba'a kai minti biyu ba ɗiyata ta ɗauke, nan gabanmu, ido a kafe hurawar ta tsaya. Likita ta faɗi wata kalma da ƙarfi, da yarinyar ta dawo tace mi na ce yanzun, tace bata ji komai ba. Hawaye suka zubo mani, dan ranar ce farko da wani ya ga abinda nake gani bai ce iskanci bane ko aljanu. Ta miƙo mani tishu tace Hajiya kwantar da hankalinki, farfaɗiya ce amma cikin masu sauƙin ce, mai ɗauke hankali na ɗan lokaci, tafi kama yara tsakanin shekara 4 zuwa 10, mata sunfi maza, kuma mafi yawansu tana barinsu in sun tasa. Ta kwatanta mani da wutar NEPA da zata ɗan ɗauke ta dawo nan take, fanka bata ma ida tsayawa ba, amma abinda akai cikin duhun ya wuce ki. To yaron da hakan ke faruwa dashi ba adadi a aji, ya za'ai ya riƙe karatu.

Da na fiddo kwalin maganin kyamis sai fuskarta ta canza. Tace kabamazafin magani ne mai kyau ƙwarai amma ga wani nau'in farfaɗiyar daban, wanda ke farawa daga sashe guda na ƙwaƙwalwa, irin ta ɗiyata kau sananne ne cewa yana ƙara ta. Nan na gane farfaɗiya ba ciwo guda bace, iri iri ce, kuma maganin da ya warkar da ɗan maƙwabciyarki shi zai iya tsananta ma naki. Bata ce in yar dashi ranar ba, ta rubuta mani yadda zan rage shi a hankali.

Gwajin EEG shine inda kuɗi suka fita. Injin guda ne, mai yinshi ma mutum guda ne, dan haka sai da muka jira makonni, kuma kuɗin sun kusa rabin mafi ƙarancin albashin nan na naira dubu 70, banda kuɗin ganin likita. Ga masu tsoro, ba shokin yake ba, ba allura, ba aski. Wayoyi ne ƙanana kusan ashirin ake mannawa a fatar kai da wani abu mai danƙo, su saurari wutar da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da kanta, kwamfuta ta zana. Ace maki ki kwance kitso, ki wanke kai kar ki shafa mai ko kaɗan, kuma a rage ma yaro barci daren. Ya ɗauki kaman rabin awa, an sa ta rufe ido ta buɗe, an haska mata fitila mai walƙiya, an sa ta hura iska minti uku. Mai gwajin na da haƙuri da yara, wannan na yaba mashi, sai dai wuta ta ɗauke ana tsaka da yi kuma sai da aka jira a tada janareta, wurin da ake amsar irin waɗannan kuɗin ai ya ci ace akwai inbata. Sakamakon likitar da kanta ta karanta, ta juyo mani da kwamfutar ta nuna mani inda layukan ke tafiya lafiya sai kwatsam duk su tashi tare, tsini da tudu, sau 3 a daƙiƙa guda, tace wannan shine hatimin irin ciwon. Ta kuma gaya mani wani abu da ya kamata kowa ya sani, EEG na iya fitowa lafiya lau alhali yaro nada farfaɗiya, dan haka ba takardar ake ma magani ba, yaron ake mawa. Kuma bata tura mu hoton ƙwaƙwalwa na MRI ba, tace irin wannan in komai ya dace baya buƙata, kar mu ɓata kuɗi. A asibitin kuɗi a ce maki kar ki kashe kuɗi, wannan kaɗai ya sa na yarda da ita.

Wurin zaɓen magani ne na ga bambancin wanda ya karanta abu da wanda ya ji ana faɗa. Tace akwai wani babban bincike da aka wallafa a 2010 a Amurka, wani likitan ƙwaƙwalwar yara na asibitin yara na Cincinnati, Tracy Glauser, ya jagoranta, yara 453 masu irin ciwon ɗiyata aka raba su kashi uku aka gwada magunguna uku. Bayan mako 16, etosaksimaid yayi aiki ga kashi 53 cikin ɗari, balfurowet kashi 58, lamotirijin kashi 29 kacal. Biyun farko kusan kunnen doki suke, amma balfurowet yafi taɓa natsuwar yaro wurin karatu, shiyasa etosaksimaid ya zama na farko a can. Matsalar itace a nan da ƙyar ake samunshi, in kin samu wannan watan ba tabbas wata mai zuwa, kuma maganin farfaɗiya ba'a yi mashi yau akwai gobe babu. Sai ta ɗora ta kan balfurowet, wanda akafi sani da Epilim, gwargwadon nauyinta, aka fara da kaɗan ana ƙarawa, bayan an ɗibi jini an duba hanta da ƙwayoyin jini. Ta lissafa mani abinda zan lura dashi, ƙiba da yawan ci, zubar gashi, rawar hannu, in kau naga amai ba ƙaƙƙautawa ko ciwon ciki mai tsanani ko ido yai rawaya ko barcin da ya wuce misali, in taho asibiti a ranar.

Sannan ta ce a kira mata Abbanta ya shigo, tace Alhaji wannan maganar da kai za'ai ta. Maganin nan yana da haɗari ga ɗan tayi, kusan 1 cikin 10 na jariran da uwa ta sha shi da ciki ana haifarsu da nakasa, wasu da yawa kuma su samu jinkirin fahimta. Tace yanzu yarinya ce ba damuwa, amma kafin ta fara al'ada dole mu sake zama, kuma kar a kuskura ai mata aure tana kanshi ba'a dawo an canza ba. Ta san inda take aiki, ta san mu, bata yi kaman maganar aure tayi nisa ba. Fatanta dai in aka samu kaman shekara 2 ba ɗaukewa, a maimaita gwaji a fara janye maganin a hankali. Kan rubutu da addu'a kau bata raina kowa ba, tace aci gaba da addu'a ita ma tana yi ma 'ya'yanta, hayaƙi ne kawai a daina, kuma kar wani ya ce a aje magani dan ana sauka.

Na taɓa tambayarta mi yasa irinsu basu da yawa, jiha mai ƙananan hukumomi 34 amma sai mun jira wata ta taho daga Kano. Tai murmushi tace ki lissafa, shekara 6 a jami'a, shekara guda ta hausmanshif, wato aikin koyo a asibiti bayan an ida jami'a, shekara guda bautar ƙasa, sannan shekara biyar zuwa shida na ƙwarewa kan yara da jarabawowin kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, duk wannan kin zama likitar yara ne kawai, sai kuma ki ƙara wasu shekarun kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da karatun EEG. Ita nata ƙarin a Afirka ta Kudu tayi shi, asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town, inda likitoci daga ƙasashen Afirka ke zuwa koyo ƙarƙashin Farfesa Jo Wilmshurst. Wasu in sun ida basa dawowa, ko su dawo su sake fita. Ita ta dawo, kuma Asabar ɗin da ya kamata ta huta take kamo hanyar Kano zuwa Katsina. Allah ya saka mata.

Tace ko an shekara ashirin ana yaye irinsu ba zasu wadaci arewa ba, shiyasa take bibiyar wani aiki da akai a Kano da Zariya da Kaduna mai suna BRIDGE. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara ne na jami'ar Vanderbilt a Amurka, Edwin Trevathan, wanda ya taɓa shugabantar sashen nakasar haihuwa da lalurorin girman yara na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya haɗa kai da likitocinmu na asibitin Malam Aminu Kano da na Zariya da Kaduna. Suka tsara tambayoyin gano farfaɗiya da Hausa, suka horar da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci, a cibiyoyi 60, dan a gwada ko ma'aikacin da ke kusa da gida zai iya ganowa ya bada magani ya bibiya, likita na duba aikinshi daga nesa. Dalilin a fili yake, Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 zasu iya rabuwa da faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu basa samu. Ni dai da na ji haka matar Maraɗi na tuna da masu tahowa daga ƙauyukan Batsari da Safana cikin wannan hali na hanya. Da ace ma'aikacin asibitin mazaɓarsu ya san abinda likitar nan ta gani cikin minti biyu da 'yar takarda, da ba sai sun sai da akuya ba. Ina roƙon masu iko a jihar nan su dubi wannan aikin.

Ba masu farfaɗiya kaɗai take gani ba. A layi na saba da wata baiwar Allah daga Daura mai ɗa sikila da ɓarin jikinshi ya shanye yana shekara shida, ban taɓa sanin yaro na samun shanyewar ɓarin jiki ba sai a kanshi. Likitar ke gaya masu akwai gwajin da ake ɗora na'ura a gefen kai a auna gudun jini cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa yaron na cikin haɗarin shanyewar jiki, kuma binciken da akai kan yara 220 a Kano da Kaduna, aka wallafa a 2022, ya nuna maganin haidiroksiyuriya ko a ƙaramin awo yana kare su. Sai dai wannan na'urar babu ita a wurin, tura su take wani waje. Masu 'ya'ya sikila ku tambayi likitanku wannan gwajin tun yaro na lafiya.

Sauran ƙorafina biyu ne. Na farko famasin wurin, sau da yawa babu maganin, in akwai kuma yafi na gari tsada, tun faɗuwar naira a 2023 kuɗin magani suka haukace ko'ina amma nasu da ƙari. Ni yanzu a wani babban kanti nake saye, ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma bana bari ya ƙare kafin in sayo wani, dan likita ta ja kunnena cewa tsaida shi farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai tsanani. Na biyu shine babu hanyar samun likitar tsakanin zuwa da zuwa. Lambar da suka bada ta risefshan ce, in kin kira sai ace sai ranar kilinik. Uwa da ta ga ƙuraje sun feso ma yaro bayan sabon magani bata da halin jiran mako biyu, ƙurajen wasu magungunan farfaɗiya na iya zama na mutuwa da rayuwa. Ko nas guda ce a ware mata waya ta amsa irin wannan ta isar ma likita.

Ɗiyata yanzu alhamdulillahi ɗaukewar ta tsaya, ta ɗan yi ƙiba, gashin ya ɗan zuba ya dawo, haddarta ta miƙe, kuma likitar ta rubuta takarda da Hausa na kai ma malaman Islamiyya da na boko, tana bayanin cewa ba'a ɗauka ta yawu ko ta taɓawa ko cin abinci tare, kar a ware ta kar a buge ta. Malamin da ya fi bugunta har gida yazo ya bada haƙuri.

In zaki je, ki tafi da bidiyon ciwon, da duk kwalayen maganin da yaro ya taɓa sha har na gargajiya, da katin rigakafi, da littafin da kike rubuta ranar da abin ya tashi da daɗewarshi, ki ɗauki ruwa da abinci da tabarma, in da hali kuje da uban yaron. Amma ki sani nan wurin bibiya ne ba na gaggawa ba. In yaro ya faɗi yana jijjiga, ki kwantar dashi ta gefe, ki janye wuta da ruwa da abu mai kaifi, ki sa mashi abu mai laushi ƙarƙashin kai, kar a danne shi, kar a cusa cokali ko yatsa a baki dan ba zai haɗiye harshenshi ba, kar a ɗura mashi ruwa ko manja ko rubutu sai ya farfaɗo sarai. Ki duba agogo, in ya wuce minti 5 bai tsaya ba, ko ya tsaya ya sake tashi bai dawo hayyacinshi ba, kar ki jira Asabar, ki nemi Keke Napep ki wuce emajensi na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibitin Turai ko Janar, duk wanda yafi kusa dake.